Mai Asali Da Mai Ƙunshi: Wa Ke Da Sunan Kaya?

Tun zamanin da ayarin raƙuma ke tashi daga Kano su ƙetare Sahara, akwai wata haja da birnin nan ya gwanance a kanta, amma sunansa bai bi ta zuwa inda aka fi sayenta da tsada ba. Hajar nan ita ce jar fatar akuya, wadda majema ke jemewa, a rina, a ɗaure, fatake su nufi Tarabulus da sauran garuruwan Arewacin Afirka da ita. Daga can ta kan shiga jirgin ruwa zuwa Turai, inda a ke yi wa manyan littattafai bango da ita. Da ya ke ta hannun mutanen can ta isa gare su, sai Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan. Amma a duba ɗaya gefen kuma: da fatar za ta lalace a hanya saboda mugun ɗauri, majemin Kano ba zai sha zagi ba, gama ba a ma san da shi ba. Wanda sunansa ke kan kaya, shi ke cin yabo, shi kuma ke ɗaukar laifi.

Mun tuno da wannan tsohon labari ne saboda wata gardama da ta daɗe tana tashi tana kwantawa tsakanin masu ƙera manhajar imel, watau shirin nan na cikin kwamfuta da a ke rubuta wasiƙa da shi, a aika, a karɓi amsa. Mai karatu ya iya cewa, ina ruwan akawun da ke zaune a ofis wajen Ƙofar Kudu, ko malamin makaranta a Shahuci, da faɗan waɗansu mutane a Amurka da Turai? Ruwansa kuwa da yawa. Yau takardar ƙarin girma, da sakamakon jarrabawa, da jerin sunayen masu albashi, duk ta wannan hanya su ke bi. In wasiƙa ta ɓace, ko wani ya leƙa ta a hanya, akawun nan za a fara tuhuma. Saboda haka ya kamata ya san hannuwan da kayan aikinsa suka ratsa kafin su sauka a teburinsa.

Hannu Uku

Kowace manhaja tana da matani, watau umarni layi-layi da mutum ya zauna ya tsara, wanda daga baya a ke juya shi zuwa abin da na'ura ke iya bi. Yawancin kamfanoni su kan kulle matanin nan a akwati, su sayar da abin da aka juya kaɗai. Amma akwai wata jama'a da ta zaɓi ta bar nata matani a fili: kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya ba wani. Irin wannan ita mu ke kira buɗaɗɗiyar manhaja.

Kafin ta iso ga mai amfani da ita, ta kan ratsa hannu biyu. Na fari shi ne mai asali, wanda ya ƙage ta kuma ya ke ci gaba da rubuta ta. Na biyu shi ne mai ƙunshi, wanda ya ke ɗauko ta ya daidaita ta da dubban waɗansu manhajoji, ya ɗaure su wuri guda don mutum ya ɗora wa kwamfutarsa a zama ɗaya. Mafi shahara cikin masu ƙunshi ita ce ƙungiyar Debian, wadda Ian Murdock ya kafa a 1993. Masu aikinta 'yan sa kai ne warwatse a ƙasashe, kimanin mutum dubu, suna kula da ƙunshi fiye da dubu 50. Daga Debian ne kuma aka cire Ubuntu, wadda Mark Shuttleworth, mutumin Afirka ta Kudu, ya fito da ita a 2004.

Mai ƙunshi ba dako kaɗai ya ke yi ba. Sau da yawa sai ya taɓa matanin: ya toshe wata kafa, ya canja wurin da a ke ajiye wani abu, ya cire abin da bai dace da dokar ƙungiyarsa ba. Kowane ɗan gyara irin wannan sunansa faci, kamar dai facin taya. Daga nan ne tambayoyi biyu su ke tasowa. Wa zai duba facin kafin ya fita? In kuma facin ya yi yawa, ya halatta kayan su ci gaba da amsa sunan mai asali?

Mutumin Kano bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Kafin injin ɗab'i ya yawaita, littattafan da almajiran ilmi ke karantawa a zaurukan cikin gari, su Ahalari da Ishmawi da Risala, da hannu a ke kwafe su. Mai kwafi na gari in ya gama ya kan yi muƙabala, watau ya gwada abin da ya rubuta da asalin da ya kwafo, layi bayan layi. In yana da bayani ko fassarar wata kalma, a gefen shafi ko tsakanin layuka ya ke sa ta da ƙananan baƙaƙe, yadda mai karatu zai rarrabe maganar mawallafi da ta mai kwafi. A ƙarshe ya kan rubuta sunansa, ya roƙi afuwar kuskurensa. Sa'an nan baduku ya yi wa littafin tadarishi da gafaka, a kai shi kasuwar Kurmi. Abin sha'awa, Debian ma haka ta ke yi bisa ƙa'ida: matanin mai asali a ajiye shi yadda ya zo, facin mai ƙunshi a jera shi dabam, kowa ya ga abin da aka taɓa. Duk rigimar da za mu ba da labari, ta taso ne daga inda aka yi saɓani a kan iyakar gefen shafin nan.

Yadda Tsuntsun Tsawa Ya Koma Kurciya

A 1998 kamfanin Netscape ya buɗe matanin manhajarsa, daga cikinsa aka sami aikin Mozilla. A ƙarshen 2004 Mozilla ta fito da 'ya'ya biyu: Firefox ta yawo a intanet cikin watan Nuwamba, da Thunderbird ta wasiƙu cikin watan Disamba. Ma'anar sunan ta biyun shi ne tsuntsun tsawa. Matanin duka biyun a buɗe ya ke, amma sunan da tambarin mallakar Mozilla ne, ta yi musu rajista.

Debian ta ɗauki manhajojin nan ta ƙunsa, amma ta ƙi sa hoton tambarin, domin tana da doka tun 1997 cewa duk abin da zai shiga babban ƙunshinta lalle ne kowa ya sami ikon gyara shi ya rarraba, hoton kuwa ba a ba da wannan izini a kansa ba. An ɗan zauna a kan wata fahimtar juna, har watan Fabrairu na 2006, sa'ad da Mike Connor, wani ma'aikacin Mozilla, ya shigar da ƙara a rajistar kurakurai ta Debian. Abin da Mozilla ta nema biyu ne. In za a yi amfani da sunan, a haɗa da tambarin. Kuma duk facin da Debian za ta yi, a kawo wa Mozilla ta duba ta yarda tukuna.

Hujjar Mozilla ba ta wofi ba ce. In manhajar ta cije a hannun wani, ba zai ce Debian ta cuce shi ba, sunan da ya gani a fuskar kwamfuta shi zai zaga, kuma wurin masu sunan zai kai kuka, a kan matanin da ba su taɓa gani ba. Duk mai rinin da ke Ƙofar Mata ya san zafin a sayar da rinin wani da ya kuɗe da sunansa.

Amma hujjar Debian ma tana da nauyi, mu a ganinmu ta fi shafar ofisoshi da makarantu irin namu. Al'adar Debian ita ce in ta fitar da bugu tabbatacce, ta riƙe shi shekaru ba ta canja masa kama, sai dai in an gano kafar da ɓarawo zai shiga, ta ɗauko maganin kafar kaɗai ta liƙa wa tsohon bugun. Mozilla kuwa a lokacin ta kan daina kula da tsohon bugu bayan ɗan lokaci, ta ce kowa ya koma sabo. To, wanda ke kula da kwamfuta arba'in a ɗakin karatu, da layin intanet mai tafiyar hawainiya, ba ya son a canja masa fuskar manhaja kowane 'yan watanni, ma'aikata su dawo koyo daga fari. Ban da wannan, in an gano kafa yau da dare, ɓarayi ba za su jira Mozilla ta gama dubawa ba. Akwai kuma wata doka ta Debian mai cewa izinin da aka ba ta ita kaɗai ba izini ba ne: duk wanda ya karɓi kaya daga hannunta dole ya sami irin 'yancin da ta samu. Ko da Mozilla ta ɗaga wa Debian ƙafa, na bayanta fa?

Aka yi ta kai da kawowa, ba wanda ya sauko. Kafin shekarar ta ƙare Debian ta zaɓi ta saki sunan ta riƙe ikon gyara. Firefox ta zama Iceweasel, Thunderbird ta zama Icedove, watau kurciyar ƙanƙara, da sababbin tambura. Da waɗannan sunaye bugu na 4 na Debian ya fita cikin watan Afrilu na 2007.

Wa ya ci riba? A takarda kowa ya sami abin da ya ke so. A aikace kuwa mai amfani ne ya ji jiki. Mutum ya nemi Thunderbird a kwamfutarsa ya tarar da wata kurciya da bai taɓa jin labarinta ba. Ya tambayi abokinsa yadda a ke yin abu kaza, abokin ya ce bai san wannan manhaja ba, alhali kuwa ita ce a gabansa da wani suna. Aka kwashe wajen shekara goma a haka.

Abin da ya kawo sulhu ba wai wani ya ka da wani a gardama ba ne, al'amura ne suka canja. A 2012 Mozilla ta fara fitar da bugu mai dogon zango don ofisoshi da makarantu, wanda ta ke toshe wa kafa wajen shekara guda ba tare da canja kamarsa ba. Ta kuma sassauta sharaɗin hoton tambarin. Sa'an nan Mike Hommey, wanda ya daɗe yana kula da Iceweasel a Debian, ya zama ma'aikacin Mozilla, ya zamana hannu ɗaya ke nan da can. A 2016 Mozilla ta bayyana cewa facin Debian bai rage darajar kayanta ba, sunan Firefox ya dawo. Thunderbird ta biyo baya a 2017, har sai da aka shirya hanyar kwashe tsofaffin wasiƙun mutane daga ma'ajin da ke da sunan kurciya zuwa mai sunan tsuntsun tsawa. Mun lura cewa duk abin da aka daidaita a kansa a 2016 ba wanda ya gagari hankalin mutane a 2006. Amana ce ba ta ginu ba tukuna.

In Gefen Shafi Ya Cinye Matani

Kada a ɗauka kullum mai ƙunshi ne da gaskiya. Akwai wata tsohuwar manhajar wasiƙa mai suna Mutt, wadda Michael Elkins ya fara a 1995. Masu asalinta mutane ne masu tsantseni, ba su cika karɓar faci da gaggawa ba, har faci ya taru jibgi a waje shekara da shekaru, kowane mai ƙunshi yana ɗiban wanda ya ga dama. A 2016 Richard Russon ya tattara su wuri guda da sunan NeoMutt. Wannan ba laifi, hakkinsa ne. Amma Debian sai ta ɗauki tarin nan ta zuba a cikin ƙunshinta, ta bar masa sunan Mutt. A 2017 Kevin McCarthy, mai kula da asalin, ya kai ƙara cewa abin da a ke rarrabawa da sunan manhajarsa ba ita ba ce, kuma ana kawo masa kukan kurakuran da ba shi ya rubuta ba. A nan mun tsaya tare da shi ba tare da wani kokwanto ba. Mai kwafin da ya cusa sharhinsa cikin matani, ya bar sunan mawallafi a bango, ya ci amanar mawallafi da mai karatu gaba ɗaya. Daga baya Debian ta raba su gida biyu, kowace da sunanta.

Akwai kuma masu asalin da suka ɗaure kayansu tamau. Jami'ar Washington ta Amurka ta hana a rarraba manhajarta Pine in an taɓa ta, sai a ƙarshen 2007 ta saki magajiyarta Alpine da lasin sakakke. Wanda ya fi kowa tsanani shi ne Daniel Bernstein, malamin lissafi a wata jami'a a Chicago, mai qmail, manhajar da ke zaman gidan waya tana karɓar wasiƙu tana rarrabawa. Gwani ne na gaske, ya amince da aikinsa har ya sa ladar dala 500 a 1997 ga duk wanda ya gano kafa a ciki. Bai yarda a rarraba gyararren bugu ba sai da izninsa, don haka shekaru da yawa Debian matanin kaɗai ta ke bayarwa, kowa ya harhaɗa da kansa. Sai a watan Nuwamba na 2007 ya sakar wa duniya ita.

A 2005 wani mai bincike ɗan Bulgeriya, Georgi Guninski, ya nuna wani kuskuren lissafi da ke bayyana in an aiko da wasiƙa mai girman gaske. Bernstein ya ƙi biyan ladar, ya ce ba mai hankalin da zai bar wa manhajar sararin ajiya mai yawan da kuskuren zai yi aiki. Watau ya jingina tsaron ga wanda zai girka ta. Masu ƙunshi kuwa suka ɗauka mai asali ya ce ba kome. Aka bar maganar shekara 15. A watan Mayu na 2020 masu bincike na kamfanin Qualys suka nuna ana iya shiga kwamfuta ta kafar nan a ƙunshin Debian yadda ya ke zuwa, sa'an nan aka yi faci. Kowa ya zaci ƙofar a hannun ɗan'uwansa ta ke, ta kwana a buɗe.

Layi Biyu

Labarin da ya fi dacewa a karanta wa kowane sabon akawu shi ne na OpenSSL. Ita ba manhajar wasiƙa ba ce, amma ita ce ke ƙera makullan sirri da a ke rufe hanyar wasiƙa da su, don kada wani ya karanta a tsakani. Ƙarfin makulli ya dogara ne ga a zaɓe shi da ka, daga cikin adadin da ba mai iya ƙirgawa.

A watan Mayu na 2006 mai kula da ƙunshin nan a Debian ya ga wata na'urar binciken kurakurai tana ta ƙorafi a kan layi biyu na matanin. Mutumin kirki ne, bai yi gaban kansa ba. Ya aika wa masu asali tambaya, ya nuna musu layukan, ya ce in an cire su fa? Ya sami amsar da ya ɗauka izini ce, ya cire. Layukan nan biyu kamarsu ɗaya, amma aikinsu dabam. Ɗaya ana iya cire shi ba wata babbar hasara. Ɗayan kuwa shi ne mazurarin da duk abin da ke sa zaɓen makulli ya zama na ka ya ke bi. Da aka toshe shi, sai ya zamana makullan da kwamfuta ke iya ƙerawa na kowane iri ba su wuce dubu 32 da 'yan kai ba, adadin da ɓarawo zai gwada duka kafin shayinsa ya huce. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

Ba wanda ya farga har wajen shekara biyu. Kuskuren ya gangara daga Debian ya shiga Ubuntu. Sai a watan Mayu na 2008 wani ɗan Ajantina mai suna Luciano Bello ya gano shi, aka shiga aikin canja makullai a duniya duka.

An yi ta jifan juna da laifi bayan haka, amma abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne: an duba, ba a ce ba a duba ba. Sai dai wanda ya tambaya layi biyu ya nuna, bai nuna shafin duka ba. Wanda ya amsa kuma bai buɗe littafin ya ga inda layukan su ke zaune ba. Facin da aka yi a ƙarshe kuma ba a mai da shi ga masu asali su gani ba. Tsofaffin akawunan En'e, waɗanda suka yi aiki kafin a rushe tsarin a 1976, sun san dalilin da ya sa babban akawu ba ya sa hannu a kan takarda sai an kawo masa fayil ɗin gaba ɗaya. A lokacin yara kan ga kamar ɓata lokaci ne da son nuna iko. Mu da aikinmu ya haɗa da duba takardun makarantu mun sha ganin irin wannan: a kawo shafi ɗaya a ce sa hannu kawai ya rage, alhali abin da zai hana sa hannun yana shafin da aka bari a aljihu, sau da yawa ba da mugun nufi ba ma.

Wannan labari ya ba Mozilla gaskiya a kan abu guda, cewa facin mai ƙunshi na iya zama guba. Amma bai ba ta gaskiya a kan maganin da ta kawo ba. Tilasta neman izni ya kan sa mutum ya yi tambaya don ya sami sa hannu, ba don a gano kuskurensa ba, kuma mun ga abin da irin wannan tambaya ta haifar. Abin da ya fi amfani shi ne dokar da Debian ta daɗe da rubuta wa kanta, ko da ya ke ba kullum a ke cika ta ba: kowane faci a mai da shi ga mai asali, a rubuta dalilinsa a kansa, a bar shi inda kowa zai gani.

Ko duba matani da kyau ma bai isa ba in abin da aka duba dabam ne da abin da aka ɗaure. A watan Maris na 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar wani da ya shafe wajen shekara biyu yana neman amana a aikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz ya dasa ƙofar ɓoye, kuma wani sashe na makircin yana cikin ɗaurin da a ke miƙa wa masu ƙunshi ne kaɗai, ba ya cikin matanin da jama'a ke karantawa. Masu binciken gyaɗa na zamanin dalar gyaɗa a Kano ba bakin buhu kaɗai su ke kallo ba, don sun san inda a ke ɓoye tsakuwa.

Namu Rabon

Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya a 2023, ofishin da ya riƙe sunayen mutane da sirrinsu shi ke da alhakin tsare su. Don haka shugaban ofis ko na makaranta ya kamata ya iya amsa tambaya ɗaya game da kowace manhaja da ke kwamfutocinsa: daga hannun wa ta zo, kuma wa ke toshe mata kafa yau? Wadda aka kwafo daga wurin wani mai gyara a kasuwa, ba a san inda ya samo ta ba, ba ta da mai asali ba ta da mai ƙunshi, ko da sunan da ke fuskarta sananne ne.

Akwai kuma wani kuka namu na kanmu da ba wanda zai yi mana shi. Sa'ad da aka ƙago imel a farkon shekarun 1970, da baƙaƙen Ingilishi kaɗai aka gina shi, cikin wani tsari mai gurbi 128. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Sai a 1992 Nathaniel Borenstein da Ned Freed suka tsara hanyar da wasiƙa za ta ɗauki baƙaƙen waɗansu harsuna, tsarin Unicode kuma ya ba wa namu masu lanƙwasa gurbi. Amma ba a jera su wuri ɗaya ba. Manyan Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙaramin ƙ suna wani rukuni, ƙananan ɓ da ɗ kuwa suna rukunin alamomin masu nazarin furuci. Saboda haka a kan sami salon rubutun da ya ɗauki rukuni ɗaya ya bar ɗaya, wasiƙa ta iso da ƙ lafiya lau, ɗ kuwa ta zama ɗan akwati fanko, ko ta fito da wata kama dabam da 'yan'uwanta. Wane salon rubutu zai zo tare da kwamfuta, da wane tsarin allon bugu za a tarar a ciki, shawarar mai ƙunshi ce. Yadda manhaja za ta nemo kalma a cikin tarin wasiƙu, ko ta ɗauki ƙasa da kasa abu ɗaya ko dabam, wannan kuma na mai asali ne.

Waɗansu za su ce a bar lanƙwasar mana, ai ana ganewa. Malamin da ya karɓi takarda mai cewa yaro ya kare makarantar, alhali ya ƙare ta a ke nufi, ya san ba kullum a ke ganewa ba. Tun shekarun 1930 aka shigar da baƙaƙen nan cikin ɗab'in boko, kuma da su aka yaye duk wanda ke karanta wannan shafi. Ba daidai ba ne mu sake su don na'ura ta yi mana gardama.

Masu duba faci a Turai da Amurka ba mugunta ke sa su wuce irin wannan ba. Ba su karanta Hausa ne, idonsu ba ya ganin bambancin da yaro ɗan aji biyu a Kano ke gani. Ƙofar kuwa a buɗe ta ke, ba a tambayar mai kawo rahoto takardar shaidar jami'a. Muna da masana harshe a Jami'ar Bayero, muna da malaman Hausa a kowace kwalejin horon malamai, muna da samari masu karatun kwamfuta, amma sai ka ga kowa ya ci karo da ɗan akwatin nan fanko ya yi tsaki ya wuce. Rahoton da a ke bukata bai fi ƙarfin akawun da ya iya rubuta takardar ofis ba. Ya faɗi sunan manhajar da lambar bugunta, da inda ya samo ta, da abin da ya buga, da abin da ya fito maimakonsa, ya haɗa da hoton fuskar kwamfutar. In daga ƙunshin Debian ko Ubuntu ya samo ta, can zai fara kai kuka, mai kula da ƙunshin ya duba ko facinsa ne ya jawo, in ba nasa ba ne ya miƙa wa mai asali.